Sawun Ƙafar Hagu

Goggo Fatsuma ko mayafi ba ta cire ba ta fara abin da ya taso ta daga Rabah.

"Adawiyya, taho nan ki zamna gabana. Ni ba gaisuwa tak kawo ni ba."

Dawowata ke nan daga asibitin da nake aiki. Na ajiye jaka, na durƙusa na gaishe ta duk da haka, ta amsa ciki-ciki. Goggo ƙanwar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta shigo gidanmu ta fita ba tare da ta bar wani yana share hawaye ba. Ran nan Laraba, ni ce a layi.

"An ce man har yau kina nan kina jiran ɗan gudun ga na Giyawa."

"Haliru sunanai, Goggo."

"Na san sunanai. Duk Wurno an san sunanai, tun ranad da yat tozarta ubanki gaban jama'a. Ke ko kunya ba ki ji?"

Na sunkuyar da kai, don abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne.

Babana, Malam Sajo, ya yi shekara talatin yana koyar da motsa jiki a makarantar sakandare kafin ya yi ritaya. Amma kafin alli, sanda ya riƙe. A bayan shanu ya tashi, can ya koyi gane saniyar da za ta gurgunce tun ba ta fara ɗingishi ba, daga sawunta kawai. Da wannan ilimin yake horar da masu gudu. Kowace safiya zai yayyafa ruwa a wani fili mai rairayi a bayan gari, ya share shi tas da tsintsiya, ya sa samarinsa su bi ta kai da gudu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tsuguna ya karanta abin da ƙafafunsu suka rubuta.

Haliru ya zo Wurno ne aikin albasa a gonar kawunsa. Baba ya gan shi wata rana yana bin jakin da ya tsinke igiya, ya kamo shi ko haki bai yi ba. Daga nan ya ɗauke shi. Shekara biyar yana hannunsa, yana cin tuwon gidanmu, har muka fara kallon juna yadda bai kamata a ce ɗiyar malami da ɗalibin ubanta suna yi ba. Baba ya gani, ya yi murmushi, ya ce manyansa su zo bayan an kwashe albasa.

Sai agogo ya shigo.

Wani baƙin agogo ne da ake haɗawa da manhajar gudu a waya. Ita ke tsara wa mutum yawan kilomitar da zai yi kullum, ta ƙirga bugun zuciyarsa, kuma wata mata na magana da Turanci a cikin kunnensa tana ce masa ya yi ƙoƙari. Sati uku kafin gasar zaɓen 'yan gudu da za a yi a Sakkwato, Baba ya tsuguna a kan sawun Haliru, ya daɗe, sannan ya ce ƙafar hagu ba lafiya, ya ajiye gudu sati shida. Haliru ya ɗaga waya a gaban sauran samarin, ya ce manhaja ta ce bai taɓa ƙarfi irin na yanzu ba, kuma tsintsiya ba ta iya auna zuciya.

Baba ya ce ya zaɓa, ko tsintsiyar ko wayar. Haliru ya maƙala iyafis a kunne ya wuce. Kafin azahar Baba ya aika Giyawa wurin manyan Haliru cewa kada kowa ya taso.

"Ga Isma'ila nan," in ji Goggo, tana nufin ɗanta na fari. "Aikinai na ofis, gidanai ginanne, kuma ba shi da riƙo. Shi kanai ɗan gudun naki, wa yab ba shi agogon da shika tunƙaho da shi? Isma'ila na. Kyauta, har da sa mai abin ga cikin waya da hannunai."

Na ɗago na kalle ta.

"Isma'ila yab ba shi?"

"Ƙwarai. Ki ga ɗan halak."

Isma'ila, wanda ko ruwan sanyi bai taɓa saya wa wani ba, wanda sau biyu ina ce masa ya yi haƙuri ina da wanda nake so, shi ne ya tashi takanas ya yi wa abokin takararsa kyautar agogo. Ya san Baba sarai. Ya san inda zai taɓa.

Ana cikin haka Baba ya yi sallama ya shigo. Ya zauna a kan buzunsa, ya saurari ƙanwarsa har ta ƙare, sannan ya dube ni.

"Auta, ke ba yarinya ba ta. Kin yi karatu, kina aikinki. Ba ni yi maki dole kan Isma'ila ko waninai."

Har na fara sauke numfashi.

"Amma Haliru ba shi shigowa gidan ga da sunan suruki ina raye. Fatsuma, ki zamna har Jumu'a. In an sabko masallaci in ba ki amsa, bayan na ji ta bakinta."

"Baba, kuskure na yay yi," na ce. "Shekara biyat kana kiranai ɗanka. Magana ɗaya ta ishe ta goge shekara biyat?"

"Ta ishe."

"To ni mi nai? Ni nid ɗaga waya gabanka? Don mi hushinku ku biyu za shi ƙare bisa kaina?"

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Goggo ta dafe ƙirji tana salati. Inna ta leƙo daga madafa ta harare ni. Shi kuwa ya tashi ya ɗauki buta ya fita, ya bar ni durƙushe ina kuka mai zafi, irin wanda ba ya sanyaya zuciya.

Bayan la'asar na yafa mayafi na ce zan duba wata mai jego. Ban yi ƙarya duka ba, na leƙa ta minti biyu, sannan na zarce rumfar da su Haliru ke zaɓen albasa suna ɗurawa a buhu.

Yana ganina ya miƙe. Na lura da yadda ya miƙe ɗin. Hannu ya dafa a kan buhu, ya jingina nauyinsa duka a ƙafar dama. Shekara uku ina ɗaure ƙafafun mutane a asibiti, ba a yi min wannan wayon.

Muka koma gefen rumfa inda ba a jin mu. Baƙin agogon na nan a hannunsa yana ƙyalli.

"Wa yab ba ka agogon ga?"

Ya kawar da kai. "Mi ya kawo wanga zance?"

"Na tambaye ka."

"Isma'ila na. Mun haɗu kasuwar Goronyo, yac ce shi ba shi amfani da shi."

"Kuma kak karɓa. Mutumin da kas san shina nema na yam miƙo ma abu, kas sa hannu biyu, ba ka ko tambayi kanka don mi ba. Haliru, ashe ƙahwa kaɗai Allah Yab ba ka?"

Fuskarsa ta ɗaure. "Kada ki zage ni, Adawiyya. Ko wa yab ba ni, abin ga na aiki. Shekara biyat ina hannun Malam ban taɓa sanin lokacina na gaskiya ba. Shi dai 'ka yi sauri', 'ka yi nawa'. Agogonai na wuya ya mutu tun bara. Cikin wata biyu da manhajag ga na rage minti ɗaya da rabi. Kin san mi ake nuhi da minti ɗaya da rabi cikin kilomita goma? Shi na tsakanin wanda za a ɗauka da wanda za shi komo ɗaukar buhu."

"Na ji. Ƙahwar hagu fa?"

"Lahiya lau take."

"Taka ta in gani."

Bai taka ba.

"Ranar Assabar na gasar," ya ce a hankali. "Shekarata ashirin da bakwai. In ta wuce ni bana, wa yas san baɗi? Ina son in zo gidanku da wani abu a hannu, ba da warin albasa ba. Don ke nika wanga gudu."

"Kada ka aza man. Ni ban taɓa ce ma warin albasa ya dame ni ba. Don kanka kaka yi, da don matag ga mai ce ma ka yi ƙoƙari cikin kunne."

"Malam yac ce in zaɓa gaban mutane. Sai in yi ƙaƙa?"

"Sai ka tuna wa yaɗ ɗauko ka daga bin jaki."

Wannan ta shige shi, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na ji daɗi, Allah Ya yafe min.

"Jibi Jumu'a Baba za shi ba Goggo amsa," na ce. "Ka ci gaba da gudu. Ka tambayi wayakka ta gaya ma kilomita nawa na daga nan zuwa Rabah, don can za ka zo cin tuwon biki."

Na juya na tafi. Ya kira sunana sau biyu. Da yana da ƙafa biyu lafiyayyu da ya biyo ni, ni ma na san haka, kuma wannan ya ƙara min haushi.

Washegari Alhamis aikin rigakafi ya kai mu wani ƙauye ta hanyar Dinawa, dole in fita da sassafe. Ina neman takalmina a tsakar gida na lura tsintsiyar Baba ba ta a inda yake rataye ta, haka ma jarkar ruwansa. Abin ya ba ni mamaki, don tun ranar rigimar ya sallami samarinsa ya ce ya bar horarwa. Na tambayi Inna. Ta ce kullum da ya dawo sallar asuba yake fita, ita ba ta tambayarsa.

Na hau kabu-kabu. Mun bar gari da kamar kilomita biyu, gari ya yi haske sosai, sai na hango wani tsoho a gefen titi, a kan hanyar ƙafa da ke bin bakin gonaki, yana sunkuye yana shara. Ko cikin mutum dubu na san wannan sunkuyon.

Na ce wa mai babur ya sauke ni ya wuce, zan samu wani.

Na laɓe a bayan dangar wata gona. Baba ya gama share wuri kamar tsawon tabarma huɗu, ya kwashi kayansa ya koma bayan wata bishiyar gawo ya tsaya.

Ba a yi minti biyar ba sai ga Haliru ya taho daga ɓangaren gari, iyafis a kunne, rigarsa ta jiƙe. Ya bi ta kan sharar bai ko rage gudu ba, ya wuce ya nufi Dinawa.

Baba ya fito. Ya tsuguna. Ya auna sawun da yatsu, ya matsa gaba ya auna na biyu, ya dawo na farko. Sannan ya zauna daɓas a kan rairayin, ya cire hularsa ya riƙe yana kallon ƙasa.

Ban san lokacin da na isa kansa ba.

"Baba."

Ya firgita, ya mayar da hular da sauri kamar wanda aka kama da abin kunya.

"Mi kika yi nan?"

"Ni ya kamata in tambaya. Kwana nawa kana zowa?"

Ya ce, "Yau sha tara."

"Kwana sha tara." Na nuna jarkar da yatsa. "Kwana sha tara kana tasowa da jarka da tsintsiya saboda mutumin da kac ce ba shi shigowa gidanka kana raye. Ni kuma ina can ina kuka, Goggo na auna man ɗaki a Rabah. Baba, wanga wane irin abu na?"

"Zo ki diba," ya ce, kamar bai ji ni ba. Ya nuna min da yatsa. "Ga dama. Dunduniya ta sabka, yatsu sun tura, sawu cikakke. Ga hagu. Kin ga zurhin dunduniyag ga? Ya yi yawa. Da gangan shika danna ta. Mai lahiya ba shi haƙa rami. Amma dibi taku na gaba, ya gajarce da tahin hannu guda, don ƙahwar ba ta yarda ta tura shi. Satin hwarko yatsa biyu na. Yanzu tahin hannu. Ƙashin ƙwabrinai na tsagewa a hankali, Auta. In yay yi gudun Assabar bisa kwalta, ɗauko shi za a yi."

Na san gaskiya ya faɗa. Na taɓa ganin irinta a asibiti, wani da ya je gwajin shiga soja aka dawo da shi a bayan mota.

"To ka tsai da shi mana. Ga shi nan za shi komo ta nan."

"Na hwaɗa mai sau ɗaya. Yab bar ni riƙe da tsintsiya samari na kallo."

"Don haka sai ka bari shi karye, don girmanka shi tsira?"

Idanunsa suka kaɗa. "Ke kina tsammanin zagin na yah hana ni ba shi ke? An zage ni hiye da haka ina bakin aiki. Ki saurara. Mutumin da ba shi yarda da ciwon da ad cikin ƙashinai sai waya ta gaya mai, in ke kika ciwo gidanai, ƙaƙa za shi sani? Ke da ba ki iya kuka gaban mutane sai an kai ki bango. Ni ba ni ba da ɗiyata ga wanda ba shi gani."

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ɗauki jarka da tsintsiya.

"Kada ki gaya mai na zo."

"Sai na gaya."

Ya kalle ni, ya kama hanyar gari.

Na kira abokiyar aikina na ce zan makara. Na tsaya a tsakiyar hanyar ƙafar nan, a daidai bakin sharar, na naɗe hannu. Rana ta fara zafi kafin ya ɓullo. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tsayawa lokaci ɗaya, ƙafar ta ƙi, ya yi tangaɗi ya cije leɓe.

Na kai hannu na fizge iyafis ɗin daga kunnensa. Muryar matar na fita ƙasa-ƙasa, tana ta yabonsa da Turanci.

"Dibi ƙasa," na ce. "Ka san wa yas share wurin ga?"

Yana haki ya ce, "Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar hwarko. Shekara biyat ina taka sharatai, ƙaƙa ba ni gane ta? Shi kaɗai ka shara daga hagu zuwa dama. Ina ganin gehen rigatai bayan gawon can."

"Shi ya sa kaka danna dunduniya in ka iso."

Ya sunkuyar da kai. "Don shi ga ta warke."

"To bai gani ba. Ya ce mai lahiya ba shi haƙa rami." Dariya ta kuɓuce min, ta baƙin ciki. "Kai jama'a. Kwana sha tara, ƙato da tsoho suna aika ma juna saƙo cikin rairayi, wannan na laɓewa bayan icce, wannan na ƙarya da dunduniya, ba wanda za shi buɗe baki. Ni kuwa aurena na can ana shirin kai shi Rabah. Wallahi ku biyun ba ku da tausai."

"Adawiyya..."

"Ita manhajar taka mai wayo, ba ta san kana ciwo ba?"

Ya ciro wayar daga aljihu, ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo min. "Kullum kahin in hita sai ta tambaya ko akwai inda ka man ciwo."

"Kai kuma?"

"In danna babu."

Ashe ita ma wayar ba ta ci amanarsa ba. Shi ne ya same ta ba ta da ido, ya yi ta shirga mata ƙarya, ita kuma tana ƙara masa kilomita tana ce masa ya yi ƙoƙari.

"To yanzu na gane don mi kaz zaɓe ta," na ce. "Ba don ta hi Baba sani ba. Don ita ana iya yi mata ƙarya."

Ya zauna a bakin gonar ya miƙe ƙafar. Na tsuguna na danna ƙashin ƙwaurin da babban yatsa, a wuri ɗaya tak. Bai yi ƙara ba, amma hawaye suka zubo masa, ya kama ciyawa ya damƙe.

"In na bari, shi ke nan," ya ce. "Shekara biyat sun tahi banza."

"In ka je, ƙahwar ta tahi. Ni ba ni roƙonka, na gaji da roƙon maza. Gobe bayan Jumu'a Baba za shi tambaye ni gaban Goggo. Ba ni auren Isma'ila ko shi kaɗai yar rage, wannan ka sani. Amma kai ma ba ni tsayawa ina hwaɗa da ubana saboda mutumin da ka yi ma waya ƙarya. In zamna gidanmu, ya hi man."

Na jefa masa iyafis ɗinsa a cinya, na fita bakin titi na tsayar da babur. Ban waiwaya ba.

Ranar Juma'a Goggo ta ci ado kamar ita za a kai. Tun kafin a sauko masallaci ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a zaure. Ni da Inna muna daga ciki, bakin ƙofa. Ina ta leƙen waje, don tun safe nake jin labarin motar 'yan gudu za ta tashi zuwa Sakkwato da ƙarfe uku.

Baba ya dawo. Maimakon ya shigo, sai ya ce a miƙo masa tsintsiya da buta. Ya yayyafa ruwa a ƙofar gida, ya share rairayin wurin a hankali, daga hagu zuwa dama, da babbar rigarsa ta Juma'a a jikinsa. Goggo ta ce, "Yaya, mi haka kuma? Ina jiranka." Ya ci gaba da shara. Ya gama ya zauna a dakali.

Ƙarfe uku ta yi. Ta wuce da kwata. Na ce a raina shi ke nan, ya bi mota, na fara tattara maganar da zan gaya wa Goggo.

Sai ga shi daga kwanar masallaci, yana tafe yana ɗingishi a fili, ba ɓoyewa. Ya tsaya a bakin sharar. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu. Sannan ya tako ƙafa ba takalmi, taku shida, har gaban Baba, ya durƙusa.

"Malam, ga ta nan yadda take."

Baba bai kalli fuskarsa ba. Ya sauko daga dakali ya tsuguna a kan sawun. Daga inda nake ina iya gani. Dunduniyar hagu ko taɓa ƙasa ba ta yi ba.

"Yau ka yi gaskiya," ya ce. "Motar fa?"

"Ta tahi."

"Ta tahi," Baba ya maimaita. Shi ma shekara biyar yake jiran motar nan. "Gobe Auta ta rubuta ma takarda a ɗauki hoton ƙashin. Wata biyu ba gudu. Da ka ji tun hwarko, da sati shida na."

Goggo ta fito daga zaure tana gyara ɗaurin kallabi. "Yaya, ni fa? Mi za ni ce ma Isma'ila?"

Baba ya miƙa wa Haliru hannu. Haliru ya kwance agogon ya ɗora masa a tafi. Baba ya miƙa wa ƙanwarsa.

"Ki kai mai kayanai. Ki ce na ga aikin da yay yi, kuma na gane."

Goggo ta fara faɗa, ta tono zancen gadon kakanninmu, ta ce ba ta ƙara taka gidan nan. Ta faɗi haka sau huɗu a iya sanina.

"Wayar kuwa riƙe abarka," in ji Baba. "Ta hi ni iya ƙirga lokaci, ban musu. Amma ran da tak koma tambayarka ciwo, gabana za ka ba ta amsa."

Haliru ya ce to. Sannan ya ce, "Malam, manyana na Giyawa..."

"Ran da dunduniyag ga tas sabka da kanta, ba da dannawa ba, ka aika su taho. Kahin nan iyakarka dakalin ga."

Na fito na karɓi tsintsiyar daga hannun Baba. Haliru ya ɗago yana neman idona, na galla masa harara, don haushinsa bai bar ni ba, kuma ban yi niyyar ya bar ni da wuri ba.

Yau kwana arba'in da ɗaya. Ni ke share ƙofar gida kowace safiya, Haliru ya zo ya taka ba takalmi, kuma na koyi tsugunawa in auna da yatsu. Jiya dunduniyar ta ɗan taɓa ƙasa, kamar faɗin ƙwayar wake. Na kira Baba da gudu. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce saura. Na sake dubawa bayan ya shiga gida, ni ma na ga saura.